TAFKIN KWARE DA DUTSEN DA KE SHAYAR DA SHI

Gabatarwa

A darasin labarin ƙasa mukan karanta labarin tafkunan da ke kan duwatsu, mu kuma ga hotunansu a littattafai: ruwa shuɗi, kewaye da tsaunuka, mutane suna yawo cikin ƙananan jirage. Yawancinmu mukan ɗauka wannan abu na ƙasashen nesa ne, don mu nan Dingyaɗi ba mu da tsauni, sai tudu da fadama. Amma akwai wata tambaya da ta kamata kowane ɗan makaranta na ƙasar Sakkwato ya yi wa kansa. Ruwan sama yakan ɗauke mana a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, ba ya dawowa sosai sai Yuni. Kududdufan bayan gari sukan ƙafe tun kafin sanyi ya wuce. To, yaya aka yi tafkin Kware yake kai wa bazara da ruwansa, har da kifi da tsuntsaye, alhali rana ɗaya ce ke dukansu duka?

Amsar ita ce shi ma tafkin Kware ɗan dutse ne, sai dai dutsen nasa a kwance yake ƙarƙashin ƙasa. A wannan ɗan rubutu muna so mu bayyana wa 'yan makaranta da malamai da iyayenmu yadda wannan dutse yake aiki, da irin halittun da ke rayuwa ta dalilinsa, da yadda za mu more wurin ba tare da mun cuci kanmu ko mun cuci tafkin ba.

Tafkunan kan duwatsu a wasu wurare

Kafin mu zo gida, bari mu ɗan leƙa waje don mu sami abin kwatance. Tafkin Titikaka, wanda ke tsakanin Peru da Bolibiya a Amurka ta Kudu, yana bisa tsaunuka sama da mita 3,800 daga gaɓar teku, ruwan sama da ƙanƙarar da ke narkewa daga tsaunukan su ke cika shi. Tafkin Tana na ƙasar Habasha yana kan tudu mai kusan mita 1,800, daga cikinsa ne kuma babban reshen kogin Nilu yake fitowa. A nan Nijeriya muna da tafkin Tila a tudun Biu, cikin Jihar Borno, wanda ya taru a bakin wani tsohon dutse mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa. An san shi da kadoji, waɗanda mutanen wurin ba sa taɓawa a da.

Irin waɗannan tafkuna ba kullum suke da lafiya ba. Ran 21 ga Agusta 1986 tafkin Niyos na ƙasar Kamaru, wanda shi ma a bakin tsohon dutse mai aman wuta yake, ya saki wata iska mai shaƙe numfashi da ta taru a ƙarƙashinsa, ta kashe mutane wajen 1,700 tare da dabbobi masu yawa a dare ɗaya.

Abin lura a nan shi ne kowane tafki yana da wurin da ke tara masa ruwa. Wanda yake son ya fahimci tafki, sai ya ɗaga kai ya dubi tudun da ke bisansa. Birnin Sakkwato bai wuce kamar mita 300 bisa gaɓar teku ba, amma wannan ƙa'ida tana aiki a kanmu daidai yadda take aiki a kan mutanen Peru.

Inda tafkin yake

Garin Kware yana arewa da Sakkwato, tafiyar kamar kilomita 20 a kan hanyar Illela, bayan an haye gulbin Rima. Gari ne mai tarihi. A nan Abdussalami ya zauna har ya yi tawaye a farkon sarautar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka ci garin a 1818. Daga baya Isa, ɗan autan Shehu Usmanu, ya riƙe shi, shi ya sa ake ce masa Isa Mai Kware.

Tafkin yana kwance dogo cikin kwari, a gindin tudu. Da damina yakan cika ya bazu cikin fadama, da rani kuma ya janye ya bar laka mai albarka, inda manoma ke shuka albasa da tumatir da tattasai da sauran kayan lambu. Saboda ruwan nan da ba ya yankewa ne Turawan mulki suka kafa aikin ban ruwa a Kware tun cikin shekarun 1920, yana kuwa cikin na farko-farko a Arewacin Nijeriya.

Daga ina ruwan yake fitowa?

Masana ilimin duwatsu sun gano cewa ƙasar da muke takawa hawa-hawa take, kamar tabarmi da aka shimfiɗa wata bisa wata. Abin sha'awa, sun raɗa wa kowane hawa sunan garin da aka fi ganinsa a fili. Saboda haka a littattafan wannan ilimi na duniya za ka tarar da sunayen Gundumi da Taloka da Dukamaje da Wurno da Dange da Kalambaina da Gwandu. Biyu daga ciki su suka shafi zancenmu, wato hawan Dange da hawan Kalambaina.

Masanan sun ƙiyasta cewa shekaru wajen miliyan 60 da suka wuce wani teku marar zurfi ya ratsa Sahara ya rufe wannan yanki namu. Da farko laka ta kwanta a ƙarƙashinsa, ta daskare ta zama yumɓu mai tauri: hawan Dange ke nan. A cikinsa an tono haƙoran manyan kifayen teku da ƙasusuwan kadoji da na kunkuru waɗanda suka zama dutse. Bayan haka ɓawon ƙananan halittun teku ya yi ta taruwa bisa lakar, har ya zama farin dutse: hawan Kalambaina ke nan. Wannan farin dutse shi ake fasawa a yi siminti a masana'antar Kalambaina, wadda ta fara aiki a 1967. Shimfiɗarsa ta ratsa ƙasar Boɗinga da Dange da Shuni, ta bi ta Sakkwato da Kware, ta miƙe arewa har ta shiga Jamhuriyar Nijar.

Ga yadda abin yake aiki. Ruwan sama yana da ɗan tsami kaɗan wanda harshe ba ya ji. In ya nutse cikin ƙasa ya sami farin dutsen, yakan ci shi sannu sannu, ya buɗa tsaguwa da ramuka, har dutsen ya zama kamar soso. Ruwan sai ya yi ta gangarawa cikin ramukan har ya iske yumɓun Dange, wanda ba ya barin ruwa ya wuce. Da yake ba hanya ƙasa, sai ya taru cikin farin dutsen, ya riƙa tafiya a kwance a hankali. Duk inda kwari ya yanke dutsen, nan ruwan ke ɓullowa ya zama marmaro. Marmaro irin wannan, tare da rafin da ke gangarowa daga tudu, su ke ciyar da tafkin Kware cikin watannin da ba a samun ko ɗigon ruwan sama. Wani bincike da masanan Amurka da na Nijeriya suka yi tare, aka buga shi a 1973, ya nuna cewa ruwan da ke cikin wannan dutse shi ke riƙe rijiyoyi da marmaro da tafkuna da yawa na yankin duk tsawon rani.

Kowa yana iya gwada wannan magana a gida. A sami guntun farin dutsen, a kankare garinsa, a matsa masa lemon tsami, za a ga yana ɗan kumfa. Haka kuma in ruwan rijiyarku ba ya saurin kumfa da sabulu, ko yana barin farin ɓawo a gindin tukunya, alama ce ya bi ta cikin wannan dutse.

Sai dai mu lura da abu ɗaya. Kwarin gulbin Rima ya raba shimfiɗar dutsen biyu. Ruwan da ya sauka a tudun arewacin gulbi shi ke zuwa Kware. Wanda ya sauka a namu ɓangaren, rijiyoyinmu da fadamunmu na ƙasar Boɗinga yake shayarwa. Randa biyu ne, amma ginin iri ɗaya ne, abin da ke fasa waccan kuwa shi ke fasa wannan.

Lissafin ruwan ma ba shi da wuya. A shekara ƙasar Sakkwato takan sami ruwan sama tsakanin milimita 600 da 700, kusan dukansa cikin wata huɗu. Amma rana da iskar hunturu sukan shanye kusan mita 2 daga kan buɗaɗɗen ruwa a shekara. Ke nan abin da sama ke ɗauka daga fuskar tafki ya ninka abin da take zuba masa wajen sau uku. Ba domin ajiyar da ke cikin dutse ba, da tafkin bai ga watan Maris ba.

Tsirrai da kifaye

Wanda ya tsaya a bakin tafkin zai ga tsirrai sun jeru bisa ga zurfin ruwa. A gaɓa akwai shalla, wadda mutanen Haɗeja ke kira kacala, doguwar ciyawa mai kai kamar na gero. Gaba kaɗan akwai bado mai faffaɗan ganye da farin fure, wanda ake cin 'ya'yansa da saiwarsa, musamman a shekarun yunwa. Sai kainuwa, wadda ba ta da gindi a ƙasa, iska ke kora ta duk inda ta ga dama. Waɗannan tsirrai su ne gidan ƙananan kifaye da ƙwari da kwaɗi, su kuma su ne abincin manya.

Cikin kifayen irin wannan ruwa akwai gargaza, wadda wasu ke kira karfasa. A wani jinsinta uwar takan ɗauki ƙwanta cikin baki har su ƙyanƙyashe, in kuma 'ya'yan suka ga haɗari sai su ruga su koma bakin nata. Akwai tarwaɗa, mai iya shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take daɗewa cikin ruwa mai laka inda wasu kifaye ke mutuwa. Akwai ƙurungu mai ƙaya, da balli wanda ke share wuri cikin ciyawa da damina ya yi sheƙa zagayayya don ƙwansa. Mafi ban mamaki ita ce gaiwa. In ruwa ya janye sai ta nutse cikin laka, ta naɗe kanta da yauƙi, ta bar 'yar ƙofar numfashi, ta yi watanni tana rayuwa da abin da ke jikinta har damina ta dawo. Daga nan ne Hausawa suka sami maganar gaiwa mai cin jikinta.

Ban da kifi akwai guza, wanda ya iya iyo ƙwarai, da kififiya, da burduddugi, da macizan ruwa. Kowannensu yana da aikinsa. Kwaɗi da ƙananan kifaye, alal misali, suna cinye tsutsar sauro mai yawan gaske.

Tsuntsaye, 'yan gida da baƙi

Da sassafe ko da la'asar sakaliya aka fi ganin tsuntsaye. 'Yan gida sun haɗa da balbela mai bin shanu, da zalɓe mai tsayawa cik cikin ruwa yana dakon kifi, da kirinjijiya masu tashi garke-garke suna fito, da ɗinya, da zakaran ƙeƙuwa mai ƙara in an matso kusa da ƙwansa. Gauraka, wadda dattawa suka saba gani a fadamu, yanzu ta yi wuyar gani a Nijeriya saboda kamu da ɓacewar wuraren kiwonta.

Baƙi kuwa iri biyu ne. Shamuwa takan zo gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, in ruwa ya ɗauke ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Kashi na biyu daga Turai da Rasha suke zuwa. In sanyi ya kama can, ruwa ya daskare, ƙananan agwagin ruwa da wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu sukan ƙetare Bahar Rum da Sahara, su sauka a tafkuna da fadamun ƙasashenmu wajen Oktoba da Nuwamba, su koma wajen Maris da Afrilu. Bayan tafiyar dubban kilomita bisa hamada, ruwan farko da suka tarar shi ne ceton ransu. Wani lokaci mafarauta sukan sami zobe a ƙafar irin waɗannan tsuntsaye, da lamba da sunan wata ƙasa. Masu bincike ne suka sa shi don su san hanyar da tsuntsun ke bi.

Saboda irin wannan zirga-zirga ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar kare fadamu da tafkuna a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Wurin farko da Nijeriya ta sa ƙarƙashinta shi ne tafkin Nguru, cikin fadamar Haɗeja da Nguru.

Su, iyo da shan iska

Ga masunta tafki wurin neman abinci ne, suna aiki da birgi da koma da ƙugiya da kwalekwale, ƙarƙashin Sarkin Ruwa. Al'adar ƙasarmu ta dā ita ce a hana kamun kifi a wani gurbi na wasu watanni, sa'an nan a sa ranar su, jama'a su faɗa ruwa gaba ɗaya da homa da gora. Bikin Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu a 1934, wanda kuma hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, daga wannan al'ada ya tsiro. Hikimar da ke ciki ita ce hutun da ake ba ruwa, don kifi ya hayayyafa ya girma.

Ga 'yan makaranta, lokacin da ya fi dacewa da ziyara shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da zafi bai yi yawa ba, baƙin tsuntsaye kuma suna nan. A fara gaida shugabannin wurin a nemi izini. A tafi da littafi da fensir, a rubuta kowane tsuntsu da aka gani da yawansa, a tambayi masunta sunayen kifaye da inda ruwa yake kaiwa a zamanin ƙuruciyarsu. Kada a taka shukar mutane, kada a bar leda ko gwangwani.

Akwai haɗari biyu da ba za mu ɓoye ba. Na farko tsargiya. Mai cutar in ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwayayen tsutsar sukan ƙyanƙyashe su shiga jikin ƙananan katantanwa, su yawaita, su fito su huda fatar mai wanka ko mai wanki. Jini cikin fitsarin yaro ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke cewa, cuta ce, tana kuwa da magani a asibiti. Na biyu nutsewa. A watan Afrilu 2022 kwalekwale ya kife da mutanen Gidan Magana a Ƙaramar Hukumar Shagari, mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara da matasa. Wannan a maƙwabtanmu ya faru. Kada kowa ya shiga jirgin da aka cika fiye da kima, kada a shiga ba rigar ruwa in akwai ta, kada ɗan makaranta ya yi iyo inda bai san zurfinsa ba ko inda ciyawa ke iya naɗe ƙafa. Iya ruwa, in ji Hausawa, fid da kai.

Darasin Kalmalo

Wanda yake zaton tafki ba ya mutuwa, ya tambayi mutanen Kalmalo, kusa da Illela. Nasu tafkin yana samun ruwa daga kwarin Majiya da ke gangarowa daga Nijar, ya kuma daɗe yana ciyar da masunta da manoman rani. Sai aka yi farin 1972 zuwa 1974, aka sake yin na 1983 zuwa 1985. A tsakanin nan kuma aka gina madatsun ruwa a kan Majiya don aikin ban ruwa na Birnin Ƙonni. Ruwan da ke isowa ya ragu ƙwarai, tafkin ya janye, a wasu shekaru ya ƙafe, masunta da yawa suka nemi wata sana'a ko suka tafi cin rani. Batun rabon irin wannan ruwa ya kai ga Nijeriya da Nijar suka sa hannu a kan yarjejeniya a Maiduguri a 1990, Majiya kuwa tana cikin koguna huɗu da aka ambata a ciki.

Abubuwan da ke barazana ga Kware da fadamunmu ba sa zuwa da ƙara. In aka sare itatuwan tudu aka bar ƙasa tsirara, ruwan sama ba ya samun zarafin nutsewa cikin dutse. Sai ya kwarara da gudu, ya kwashi yashi ya zuba cikin tafki. An yi hasara biyu ke nan: ajiyar ƙarƙashin ƙasa ta ragu, tafkin kuma ya cike. Inda ruwa ya zama marar zurfi, nan shalla ke mamayewa, ta toshe hanyar kwalekwale da magudanan ban ruwa, ta zama maɓoyar jan baki masu cinye gero da shinkafa. Ga kuma injunan ban ruwa da suka maye gurbin jigo. Sun taimaki manoma ƙwarai, amma inji ɗaya yana jan abin da jigo da yawa ba sa ja. A ƙara da kamun kifi da gidan sauro, wanda ke kwashe har 'ya'yan kifi, da zuba maganin ƙwari cikin ruwa don kifi ya taso, wanda ke cutar da mai ci.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Ba mu da ikon sa ruwan sama ya ƙaru, amma muna da ikon taimaka masa ya nutse inda ya sauka. Ga abubuwa kaɗan da ba su fi ƙarfin ɗan makaranta ba.

1. Mu dasa itatuwa a tudu, mu kuma yi renonsu har su wuce bakin awaki. In gawo ko bagaruwa ko aduwa suka tsiro da kansu a gona, mu roƙi iyayenmu a bar su.

2. Mu jera duwatsu a gicciye inda ruwa ke gudu a gona ko a filin makaranta, mu toshe ƙaramin zaizaye tun bai zama kwazazzabo ba.

3. Kada mu haƙa masai ko mu zuba shara kusa da rijiya. Farin dutse mai ramuka ba ya tace ƙazanta sosai, abin da aka zuba a nan yana iya ɓullowa a rijiyar maƙwabci.

4. Mu riƙa auna zurfin ruwan rijiyar makaranta da igiya sau ɗaya kowane wata, mu rubuta a littafi guda, aji ya miƙa wa aji. Bayan shekara goma littafin nan zai gaya wa na bayanmu ko ajiyarmu tana ƙaruwa ko tana raguwa.

5. In an yi gayyar yankan shalla mu shiga. A ƙarƙashin ruwa ake yanke ta in ana so ta mutu, abin da aka yanka kuma yana yin tabarma da jinka.

A ƙarshe muna roƙon malamanmu su sa ziyarar Kware cikin shirin zangon sanyi, iyaye kuma su ba 'ya'yansu izini. Mutanen Kalmalo sun riga sun ga abin da ke faruwa in tafki ya janye, Hausawa kuwa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu hankalin adana abin da ta kawo.